"Ai Kowa Zai Iya": Hujjar Shari'a Ce Ko Sata Da Hatimin Kotu?

Injiniya: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina a rai, wanda zai ji haushi ya ji. A duk dokokin haƙƙin ƙirƙira babu azzaluma irin wadda ta ce in abin da ka ƙirƙira "a fili yake" ga ma'abota sana'ar, to ba ka da haƙƙi a kansa. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin gwaji, sai wani da bai taɓa riƙe kwalbar sinadari ba ya zaro tsofaffin takardu biyu, ya ce in an haɗa wannan da wancan abinka ne zai fito, ai kowa zai iya. To in kowa zai iya, me ya hana kowa yi tun tuni? Abin da aka yi mini ke nan a nan inda nake karatu. Takardar neman haƙƙina ta dawo da wannan amsar.

Ga misali daga fagenmu, zubin ƙananan ƙwayoyi. Ana so a samu ƙwayoyin magani masu girma ɗaya da siffa ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. Sai a yi mazubi mai ramuka ƙanana, a cika, a daskarar, a kwashe. Tun 1995 Stephen Chou ya nuna ana iya danna siffofi 'yan mitsi-mitsi a jikin roba, su George Whitesides na Harvard kuma suna yin mazubinsu da robar PDMS. Amma ga matsala. Ku ɗauki tandar masa: in ƙullu ya malala saman tanda tsakanin gurbi da gurbi, masar duk sai ta haɗe ta zama faifai guda, ba ka samun ɗaiɗaiku. Haka ƙwayoyin ke fitowa, manne da juna da wata siririyar fata. Sai Joseph DeSimone da ɗalibansa a Jami'ar North Carolina suka yi mazubi da wata roba mai sinadarin fulorin, PFPE, wadda ruwan ba ya kwanciya a samanta, ramin kawai yake cikawa. A 2005 suka wallafa aikin, suka samu ƙwayoyi warwatse har masu girman nanomita 200. Yanzu da wannan dokar wani zai iya miƙewa ya ce ai roba kawai suka canza! Ko a 'yan shekarun nan an soke wa wani kamfanin Amurka haƙƙinsa kan maganin hawan jinin huhu da ake shaƙa, da wannan hujjar dai, saboda wasu gajerun rubuce-rubuce biyu na taron likitoci. Ni ba ni da wani suna da zan ba wannan sai sata. Sata ce da hatimin kotu.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam Yaya Injiniya. Allah ya huci zuciyarka. Nanomita 200 ɗin nan kamar yaya girmansa yake?

Injiniya: Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Sai ka lissafa da kanka.

Mai Kemis: Sata kuma? Wa ya saci na wa? Injiniya, kalmar nan ta yi maka nauyi a baki.

Barista: Ƙanena, na tausaya maka kan takardarka, amma ka ba da labari ka rage kansa. Faɗa wa zaure wa ya kai ƙarar da aka soke haƙƙin nan da ka ambata. Tunda ba ka faɗa ba, ni zan faɗa: Liquidia ne, kamfanin da DeSimone ɗin naka yana cikin waɗanda suka kafa shi a 2004, wanda ke zuba ƙwayoyin maganinsa da wannan mazubin da ka gama yabo. Haƙƙin da aka soke na United Therapeutics ne, mai lamba 10,716,793, kuma ba kan zubi yake ba ko kaɗan. Kan hanyar shaƙar maganin treprostinil yake, maikirogiram 15 zuwa 90 cikin numfashi ɗaya zuwa uku. Liquidia ta nemi izinin sayar da garin maganinta a farkon 2020, United Therapeutics ya maka ta a kotun Delaware ta Amurka a watan Yuni, wannan takardar kuma sai a watan Yuli na shekarar ta fito aka ƙara ta cikin ƙarar. Kwamitin alƙalai na ofishin haƙƙin ƙirƙira ya ce a Yulin 2022 abin a fili yake, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2023, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren batun a Oktoban 2024. Dokar da kake kira sata ita ce ta buɗe wa masu zubin ƙofa. Yanzu wane ne ɓarawon?

Mai Kemis: Allahu akbar. Barista, Allah ya ƙara ilimi.

Injiniya: Yaya Barista, ban ɓoye komai ba, ban dai ga amfanin sunaye ba. Ko wa dokar ta amfana, ba ta zama adalci don wannan ba. In yau ta amfani Liquidia, gobe ita za a yanka da ita.

Ustaz: Ku yi mini uzuri in sa baki. Ni ba zubi na sani ba, amma kalmar sata tana da sharuɗɗa a wurin malamai. Sai an ɗauki dukiyar wani a ɓoye, daga ma'ajiyarta, ta kai nisabi, sannan a kira mutum ɓarawo. Alƙalin da ya zauna a bainar jama'a ya saurari ɓangare biyu ya yanke hukunci, ko da ya yi kuskure, ba a ce masa ɓarawo. Harshe amana ne, Injiniya.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ba satar yanke hannu nake nufi ba.

Ustaz: To sai ka nemi wata kalmar. Zalunci daban, ƙwace daban, ha'inci daban, sata daban.

Mai Kemis: Ni ma fa ina da tambaya a nan, Malam. Tunani ma ana satarsa? In na ɗauke maka babur, ka rasa babur. In na koyi yadda kake haɗa magani, naka ilimin yana nan a kanka bai ragu ba. Me aka sace?

Ustaz: A'a, kada ka ja maganata inda ban kai ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Ban ce babu haƙƙi ba. Cewa na yi kalmar ba a wurinta take ba.

Ɗan Maraɗi: To Malam, ina hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta? Waɗannan kamfanoni ba ɓoye ilimi suke ba?

Barista: Akasin haka ne ma. Takardar haƙƙi ciniki ce: ka bayyana wa duniya yadda ake yin abinka dalla-dalla, a ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, bayan nan ya zama na kowa. Galibi bayan wata 18 ana wallafa takardar kowa ya karanta. Mai son ɓoyewa ba ya zuwa ofishin haƙƙi, rufe bakinsa yake.

Ustaz: Kuma malamai da yawa sun ɗauki hadisin ne kan ilimin da ya wajaba a sanar, kada mu riƙa jefa hadisi duk inda gardama ta tsananta.

Ɗan Maraɗi: Maganin mai mutuwa bai wajaba ba ke nan?

Ustaz: Ban faɗi haka ba. Kada ka sa mini magana a baki.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi a hankali. Yaron nan ɗalibina ne, na san irin wahalar da yake sha. Barista, ka sassauta masa.

Barista: Ranka ya daɗe, ai don ɗalibinka ne nake ɓata lokacina. Bari in nuna masa inda dokar ta samo asali, ya ga ba ƙiyayya ba ce. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta yi shari'ar Hotchkiss da Greenwood. Wasu sun karɓi haƙƙi kan mariƙin ƙofa na yumɓu da tangaran, alhali ana yin irinsa da katako da ƙarfe, hanyar ɗaura shi ma sananniya ce. Kotu ta ce sauya kayan aiki kawai aikin gwanin sana'a ne, ba na mai ƙirƙira ba. Majalisa ta rubuta ƙa'idar a sashe na 103 na dokar 1952. A 1966, shari'ar Graham da John Deere, kan garma, kotu ta shimfiɗa yadda ake aunawa: me aka sani a da, mene bambancin naka, wane mataki ma'abocin sana'ar yake. Ta kuma bar maka ƙofa: ka nuna an daɗe ana neman mafita ba a samu ba, ka nuna wasu sun gwada sun kasa, ka nuna kasuwa ta karɓa. A 2007 sai KSR da Teleflex, kan totur ɗin mota da aka maƙala wa na'urar lantarki, kotu ta ce haɗa sanannun abubuwa biyu su ba da sakamakon da kowa ke tsammani ba ƙirƙira ba ce.

Yanzu koma kan robarka. In da PFPE ta yi abin da PDMS ke yi ne kawai, to mariƙin ƙofa ne, ba musu. Amma kai da bakinka ka ce fatar da ke haɗe ƙwayoyin ta daina fitowa. Wannan sabon sakamako ne, kuma irinsa ne doka ke saurare. Tambayarka ta "me ya hana kowa yi tun tuni" ba zagi ba ce ga dokar, hujja ce a cikinta. Ka rubuta ta a amsarka ga mai duba takardar, da alƙaluman gwaji, ba a zaure ba. Ƙin farko ba ƙarshen magana ba ne, yawancin takardu da shi suke farawa.

Injiniya: Ba fatar kaɗai ba ma. PDMS tana kumbura in sinadarai masu narkar da abu sun taɓa ta, ramukan su karkace, PFPE kuwa ba ta yi. Amma duk wannan da ka jero a takarda yake da kyau. A zahiri mai dubawa ya riga ya karanta amsata kafin ya tafi neman tsofaffin takardu. Wanda ya san inda aka ɓoye abu, nema ba ya ba shi wuya. Ya san abin da zai haɗa da me saboda ni na nuna masa.

Barista: Wannan kam gaskiya ce, kuma kotuna da kansu suna gargaɗi a kai, cewa kada a yi hukunci da idon wanda ya riga ya ga amsa. Shi ya sa dole mai dubawa ya faɗi dalilin da zai sa gwani a wancan lokacin ya haɗa takardun biyu, ba kawai ya ce ana iya haɗawa ba. Amma kuskuren aiki da doka ba ya mai da ita sata.

Injiniya: In an karɓe mini abin da na yi da gumina aka ba kowa kyauta, me sunansa?

Mai Kemis: Ba a karɓe maka komai ba, hana ka aka yi ka hana wasu. In ana maganar sata, mu da ke tsaye bayan kanta mu muka san ɓarayin. Kamfani ya yi magani, haƙƙinsa ya kusa ƙarewa, sai ya ɗan sauya siffar ƙwayar ko yawan abin da ake sha ya karɓi sabuwar takarda. Treprostinil ɗin nan tun 2002 aka amince da shi a matsayin allura, na shaƙa ya fito a 2009. Ko Indiya sai da Kotun Ƙolinta ta taka wa Novartis birki a 2013 kan Glivec, maganin sankarar jini. Wannan ita ce satar, satar aljihun marar lafiya.

Barista: Na Indiya wani sashe ne daban na dokar haƙƙin ƙirƙirarsu, 3(d), ana tambaya ne ko sabuwar siffar ta ƙara ƙarfin warkarwa. Kada mu cakuɗa.

Mai Kemis: Ku lauyoyi kullum "kada mu cakuɗa". Duk kanwar ja ce.

Ɗalibi: Ni fa na karanta cewa United Therapeutics an kafa shi ne a 1996 saboda 'yar mai kamfanin ta kamu da wannan ciwon. Anya irin wannan za a ce masa ɓarawo?

Mai Kemis: Niyyar farko daban, abin da kamfani ya zama bayan ya shiga kasuwar hannun jari daban, ƙanena.

Injiniya: Yauwa Ɗalibi. Su suka kashe kuɗi suka gwada maganin a kan mutane shekara da shekaru. Sannan a zo a rusa su da taƙaitaccen rubutu na taro, wanda bai cika shafi ba?

Barista: Ashe yanzu ka sauya sheƙa ka bar DeSimone? Rubuce-rubucen nan na likitocin Giessen ta Jamus ne, na 2004, da aka gabatar a manyan tarukan likitocin zuciya, aka haɗa su da wata tsohuwar takardar haƙƙi ta United Therapeutics da kansa. Kamfanin ya yi gardamar cewa ba a tabbatar jama'a sun iya samun rubutun ba a lokacin, aka duba aka ce sun iya. Gajartar rubutu ba ta hana shi zama ilimin da ya riga ya fita. Kai ma ka kiyaye, abin da ka faɗa a taro kafin ka shigar da takarda yana iya dawowa ya cinye ka, musamman a Turai.

Injiniya: Ban sauya sheƙa ba, ƙa'ida nake karewa ba mutum ba.

Sista: Tun ɗazu nake karanta ku, raina sai ɓaci yake. Kuna ta wa ya saci na wa, ba wanda ya tambayi mai ciwon. Hawan jinin huhu ba na Turawa kaɗai ba ne, yana cikin abin da ke kama masu sikila in sun girma, kuma kun san yawansu a wurinmu. Na ga budurwa da ba ta iya takowa daga gado zuwa bakin ƙofar ɗaki sai ta dafa bango ta tsaya, leɓɓanta sun canza launi, ƙafafunta sun kumbura, uwarta na yi mata fifita da murfin kwali tana cewa sannu. Ana ta ba ta maganin asma a unguwa kafin a kawo ta. Ni dai ban taɓa riƙe treprostinil a hannuna ba, na allura ko na shaƙa. Ko an soke takarda ko an bar ta, wa zai kawo mana?

Ustaz: Allah ya ba ta lafiya, ya saka muku da alheri Hajiya.

Ɗalibi: Amin. Anti, me ya sa sai an wahala wajen zuba ƙwayoyin? Ba a niƙa shi kawai ya zama gari?

Injiniya: Bari in amsa maka a madadinta. In ka niƙa, wasu ƙwayoyin su yi girma wasu su yi ƙanƙanta. Manya a maƙogwaro suke tsayawa, waɗanda suka cika ƙanƙanta kuma su bi numfashi su fito. Masu isa can cikin huhu su ne na tsakanin maikiron 1 zuwa 5 (maikiron ɗaya nanomita 1,000 ne). Da zubi kowace ƙwaya girmanta ɗaya da 'yar'uwarta, sai ka san abin da ya shiga. Wannan shi ne aikin da nake cewa a mutunta.

Mai Kemis: To mutuntawar ce ta sa maganin Liquidia ya zauna daga 2020 har 23 ga Mayun 2025 kafin FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta sake shi? Shekara biyar, Injiniya. Wa ya saci shekarun nan?

Barista: A yi adalci. Ba duk jinkirin ne na kotu ba. Tun farko hukumar ta mayar wa Liquidia da takardarta tana neman ƙarin bayani. Na ƙarshen kuma, daga Agustan 2024 zuwa Mayun 2025, keɓewar kasuwa ce ta shekara uku da FDA ta ba garin Tyvaso DPI na United Therapeutics, wanda aka amince da shi a Mayun 2022, ba ruwanta da takardar haƙƙi. Kuma marasa lafiya a can ba su zauna babu magani ba, akwai na ɗaya kamfanin. Abin da suka rasa zaɓi ne da gasar farashi.

Mai Kemis: Kai wai wane ɓangare kake ne? Ɗazu ka kare wannan, yanzu ka kare wancan.

Barista: Ɓangaren abin da ya faru.

Mai Kemis: Ɓangaren wanda ya biya dai. Duk shari'ar nan wa ya ci riba in ba lauyoyi ba?

Barista: Alhaji, ka janye wannan. Ban taɓa zagin sana'arka ba a zauren nan, kuma in ana tone-tone ka san akwai abin faɗi kan masu sayar da maganin da sai da takardar likita ba tare da takardar ba.

Mai Kemis: Ni kake nufi? Fito fili ka faɗa.

Barista: Ban kama suna ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka! Ku manya ne.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke ba ni mamaki, kuna ta faɗa kan dokar Amurka, ku naku fa? A Najeriya ai ba wanda zai ce maka abinka a fili yake, ka cike fom ka biya a buga maka hatimi. Mu a Nijar aƙalla muna cikin OAPI, ƙungiyar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta rufe ƙasashe 17.

Barista: Rabin maganarka gaskiya ce. Dokar 1970 ta ce dole abu ya zama sabo, ya fito daga aikin ƙirƙira, ya yi amfani a masana'anta. Sharaɗin yana nan. Sai dai magatakarda ba ya binciken wannan, tsarin takardu kawai yake dubawa, ana ba ka ne a kan kasadarka. Ranar da ka kai wani Babbar Kotun Tarayya, ranar za a tambaye ka ko abinka a fili yake.

Injiniya: To ni wannan ya fi mini. A ba ni takardata, mai ja ya zo kotu.

Barista: Takardar da ba a gwada ba, wane mai zuba jari ne zai sa kuɗinsa a kanta?

Ɗalibi: Ɗan Maraɗi, ƙasashe 17 ɗin nan, masana'antar magani nawa ce a ciki?

Ɗan Maraɗi: Ka tambayi 'yan kasuwarku da ke tsallakowa sayen kaya. Yaro da kai har ka iya gori.

Ɗalibi: Tambaya na yi, Baba, ba gori ba.

Ɗan Maraɗi: Kullum haka kuke, da mutumin Nijar ya buɗe baki sai a tuna masa talauci. Wancan makon ma da ake maganar wutar lantarki haka aka yi mini, ba wanda ya tsawatar.

Sista: Ikon Allah. Daga mai ciwon huhu mun koma Najeriya da Nijar.

Ustaz: Ni dai har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba. An jefi alƙalai da ita, an jefi kamfani, yanzu an jefi lauyoyi. Mutum uku sun yi amfani da ita, kowa da wanda yake nufi, ba wanda ya kawo shaida ko ɗaya.

Injiniya: Malam, in na ce ƙwace ka yarda?

Ustaz: Ƙwace sai abin ya tabbata naka tukuna. Kai kuwa nema kake, ba a ba ka ba.

Injiniya: To tunanin da ya fito daga kaina ba nawa ba ne sai wani ma'aikaci ya sa hannu?

Mai Kemis: Daga kanka kaɗai? Ba ka karanta su Chou da Whitesides ɗin ba? Su ka biya su?

Injiniya: Na ambace su a takardata, wannan shi ne biyan malamai.

Ɗalibi: Yaya Injiniya, ka turo mana takardar taka mu gani mana, da amsar da aka ba ka. Sai Barista ya duba ko hujjarsu ta tsaya.

Injiniya: Ba zan iya sakin ta a zaure ba, akwai abin da ban gama karewa ba.

Mai Kemis: Au, ashe mu ma tsoron mu kake kada mu sata.

Barista: A nan kam ina bayansa, kada ya turo. Ƙanena ka same ni ta waya, zan duba maka ba ko kwabo, don Alhaji ya san ba kowane lauya ne ke bin wanda ya biya ba.

Mai Kemis: Na ji. Amma ban janye ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka cim ma don waɗanda ba su bi daga farko ba.

Injiniya ya kawo koke mai tushe, kuma a ganina ba wanda ya iya ture shi. Barista da kansa ya amsa cewa mai duba takarda yana yin hukunci ne bayan ya riga ya ga amsa, kuma wannan shi ne zuciyar maganar. Sauran shari'o'in da ya jero, na mariƙin ƙofa da garma da totur, tarihi ne mai amfani, mun gode, amma ba su shafi zubin ƙwayoyi kai tsaye ba. Batun wa ya kai ƙarar wa a rikicin kamfanonin nan biyu, ni ban ga ya canza komai ba, tsakaninsu ne can. Ustaz ya tabbatar mana cewa shari'a ta san haƙƙin mai ƙirƙira tun zaman Kuwait, wanda ke nuna yaron nan yana kan hanya. Zancen kalma kuwa, wanda aka taka shi ya san zafin, ba za mu auna masa harafi ba. Alhaji Mai Kemis ya yi maganar tsadar magani, wannan wani zama ne daban, kuma ya kamata ya rage zafi. Hajiya ta tuna mana da marasa lafiya, Allah ya ba su sauƙi. Maganar Nijar da Najeriya ba ta cikin batu, na goge saƙonni biyu daga ciki.

Abin da na ɗauka shi ne, mu da muka koyar shekara da shekaru mun san mai aikin gwaji shi ne kullum ake bari a baya, masu takarda su ci gaba. Ina roƙon duk mai hali a zauren nan ya tallafa wa Injiniya da kuɗin mayar da amsa, ni zan fara. Barista, na ga kana rubutu, in gyara gare ka ka turo mini ni kaɗai. Na kulle zaure sai gobe bayan sallar asuba.